Tallan da ya faɗo a wayata a gaban surukina

Baban Ummi, Tudun Wada:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina neman shawara a kan wani abu da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, kuma sai da na yi ta jinkiri kafin na rubuta, domin akwai kunyar faɗa a cikinsa. Ranar Juma'a bayan la'asar na je gaida surukina a cikin birnin Zariya, muna zaune a zaure a kan tabarma, sai ya ce in nuna masa hotunan sunan da aka yi a gidan ƙanena, tun da ciwon ƙafa ya hana shi zuwa. Na buɗe hotunan na miƙa masa wayar da hannu biyu, ya gyara tabarau yana dubawa yana tambaya ta wannan ɗan wane ne, wancan fa. Bai kai hoto na 4 ba sai wayar ta yi ƙara, wani saƙo ya sauko daga saman allo ɗauke da hoton mace ba suturar kirki, da rubutun Turanci wai tana kusa tana jira na. Dattijon nan bai ce uffan ba. Ya kife wayar a kan tabarma, ya turo mini ita da yatsa, ya ci gaba da maganar damina. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Allah ne shaidata ban taɓa neman irin wannan abu ba. Kusan wata guda ke nan saƙonni irin waɗannan suna zuwa, wani na caca, wani na rancen kuɗi, wani kuma yana cewa wayata ta kamu da bairos, ni kuma ina share su ina wucewa. Wani abokin aikina ya ce in kai a yi mata filashin, amma sakamakon ɗalibaina na zangon nan yana ciki, haka ma hotunan marigayiya mahaifiyata. Masu sani, ina mafita?

Abban Sadik, mai gyaran waya a PZ:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya rufa asiri, kuma kada ka sa wa ranka damuwa, domin ba a yin mako ban ga irin wannan a shago ba, har a wayoyin limamai da dattawan mata. Abu na farko, kada ka yarda a yi wa wayar nan filashin yanzu. Wasu daga cikinmu masu sana'ar nan suna gaggawar yin haka saboda shi ne aikin da ya fi sauƙi kuma ya fi kawo kuɗi, alhali a mafi yawan lokuta matsalar ba ta kai nan ba. Ina roƙon ka yi abu ɗaya: idan saƙon ya sake zuwa, kada ka share shi kuma kada ka buɗe shi, ka ɗora yatsa a kansa ka riƙe na ɗan lokaci. Wayar za ta nuna maka manhajar da ta turo shi. Ka dawo ka faɗa mana sunan da ka gani.

Baban Ummi, Tudun Wada:
Ko minti 20 ba a yi ba wani ya shigo. Na riƙe shi kamar yadda ka ce, ya nuna mini Chrome, burauzar da nake shiga intanet da ita, a ƙarƙashinsa kuma akwai sunan wani shafi mai tarin haruffa da lambobi wanda ban taɓa jin sa ba.

Abban Sadik, mai gyaran waya a PZ:
Alhamdu lillahi, naka mai sauƙi ne, kuma wayarka lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne, wata rana ka shiga wani shafi, ya nemi izinin ya riƙa turo maka sanarwa, aka danna masa amincewa. Tun daga ranar yake da ikon jefo maka abin da ya ga dama ko da ka rufe burauzar, ko da wayar tana aljihu. Ka buɗe Chrome, ka taɓa ɗigo ukun nan na kusurwar sama, ka shiga Settings, ka gangara zuwa Site settings, sannan Notifications. A nan za ka tarar da jerin shafukan da aka ba izini. Duk wanda ba ka san shi ba ka toshe shi, kuma idan ba ka da wani shafi da kake buƙatar sanarwarsa, ka kashe maɓallin gaba ɗaya domin kada wani ya sake tambayarka. Kafin ka fita daga Site settings ɗin, ka duba wurin da aka rubuta Pop-ups and redirects ka tabbata a toshe yake.

Ɗan Samaru:
Barkanmu da yamma, iyayena da yayyena. Ina karatun kwamfuta ne a jami'a, kuma ina so in ƙara bayani a kan yadda ake karɓar wannan izini, domin Malam zai iya rantsewa bai ba kowa ba, kuma gaskiya ya faɗa a iya saninsa. Tun shekarar 2015 Chrome ya ba shafuka damar turo sanarwa kamar yadda manhajoji suke yi, kuma manufar ita ce jarida ta sanar da kai sabon labari, ko saƙon imel ya same ka da wuri. Sai masu neman kuɗi ta kowace hanya suka mayar da abin tarko. Za ka je sauke wata takarda ko kallon ƙwallo kyauta, sai shafin ya rufe fuska ya ce ka danna Allow domin ka tabbatar kai mutum ne ba na'ura ba, ko ya ce bidiyon ba zai buɗe ba sai ka danna. Ƙarya ce tsagwaronta, babu wata tantancewa ta gaskiya da ake yi da wannan maɓalli. Abin ya yi yawa har a farkon 2020 burauzar Chrome da ta Firefox suka rage yadda tambayar take faɗowa a fuska, amma har yau mutane suna afkawa.

Baban Ummi, Tudun Wada:
Na shiga, kuma na tarar da shafuka 11 a jerin, ba wanda na sani sai ɗaya na wata jarida. Na toshe 10. Da na karanta bayanin ɗana na Samaru sai na tuna: a farkon zango na nemi tsarin darussan aji 5 a intanet, shafin ya yi ta jefa ni daga wannan wuri zuwa wancan, ni kuma ina sauri saboda ana jira na a makaranta, duk abin da ya fito sai in danna domin ya kauce mini. Ashe ni da hannuna na buɗe ƙofar. Ummi ma tana ɗaukar wayar neman tsofaffin tambayoyin WAEC, ban sani ba ko ita ma ta ƙara wasu.

Maman Hanif, Hanwa:
Assalamu alaikum. Malam Abban Sadik, ni nawa ya sha bamban da na Baban Ummi, kuma na bi matakan da ka faɗa ban ga komai a jerin ba. Nawa tallan ba daga sama yake saukowa ba, allon yake rufewa baki ɗaya. Ina cikin karatun Alƙur'ani a waya sai ya faɗo da kiɗa, ina ƙoƙarin amsa kira sai ya tare maɓallin, har da dare wayar tana ajiye sai in ga ta haska da kanta. Caji baya kai azahar, wayar kuma kullum da zafi. Ga wani abu kuma, idan na sa kati kafin in sayi data sai in tarar an zaftare wani abu daga ciki, ba tare da na kira kowa ba.

Abban Sadik, mai gyaran waya a PZ:
Hajiya, naki ba daga burauza yake ba, wata manhaja ce zaune a cikin wayar. Shafin intanet ba shi da ikon rufe miki allo alhali kina cikin wata manhaja daban. Mai iya yin haka sai wadda aka saka a wayar aka kuma ba ta izinin bayyana a kan sauran. Ki fara da tunani: me aka saka a wayar a kwanakin da abin ya soma? Waɗanda na fi kamawa su ne manhajojin da ke cewa suna share datti daga waya, ko sanyaya batir, ko ƙara ƙarfin fitila, sai wasannin yara na kyauta, sai kuma WhatsApp ɗin nan da aka yi wa kwaskwarima wanda ba na kamfanin ba ne.

Ki shiga Settings na wayar kanta, ki buɗe jerin manhajoji duka, ki bi shi a hankali har ƙarshe. Wani lokaci ɓarauniyar ba ta da suna ko hoto, za ki ga fili ne kawai fari a ƙasan jerin, amma idan kika taɓa sai ki ga manhaja ce. Ki kuma nemi wurin da aka rubuta Display over other apps ki ga su waye aka ba wannan izini. Idan kika same ta amma maɓallin gogewa ya ƙi dannuwa, to ta naɗa kanta cikin masu kula da wayar, sai ki nemi Device admin apps ki cire ta daga can tukuna. Akwai kuma gwajin da muke yi a shago: a kunna wayar a Safe mode, wanda a wayoyi da yawa ake samu ta riƙe maɓallin kashewa sannan a riƙe rubutun Power off da ya fito. A wannan yanayi manhajojin da aka saka daga baya ba sa aiki, don haka idan tallan ya ɗauke, an tabbatar daga cikinsu ne.

Batun kati kuma, alama ce ta cewa an yi wa layinki rajistar wani abu na biya, kamar saƙon wasanni ko kacici-kacici, kuma sau da yawa taɓa talla ɗaya bisa kuskure ya isa. Ki danna *305#, lambar da hukumar sadarwa ta NCC ta ware wa duk layuka domin dakatar da irin wannan rajista. Ki kuma tura STOP zuwa 2442 domin rufe saƙonnin talla. Idan an ci gaba da cira bayan kin kai ƙorafi ga kamfanin layin, 622 ita ce lambar ƙorafi ta hukumar.

Maman Hanif, Hanwa:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tuna kuwa, Hanif ya kai wayar wurin masu turi a sa masa wasan mota da hutun nan, kuma bayan nan ne abin ya fara.

Abban Sadik, mai gyaran waya a PZ:
To ai ga zaren nan. Rabin wayoyin da ake kawo mini da wannan ciwo daga wurin masu turi suka kwaso shi.

Mai Turi, Kwangila:
Yaya Abban Sadik, ina girmama ka, amma wannan magana ta yi mana kuɗin goro. Shekara 7 ina wannan sana'a, abin da nake turawa karatu ne da wa'azi da fina-finai, kuma fayil ɗin bidiyo ba ya saka wa mutum talla. Mutane ne suke zuwa da kansu su ce a sa musu wasan da aka buɗe wa komai kyauta, ko WhatsApp mai ɓoye an karanta saƙo, idan ka ce babu su tafi wurin na gaba. Ni na daina tura manhaja tun bara saboda irin wannan zargi, duk wanda ya zo ina ce masa ya sauke daga Play Store. Kada a shafa mana kashin kaji gaba ɗaya.

Abban Sadik, mai gyaran waya a PZ:
Ka yi gaskiya, ƙanena, na yi faɗi da baki, ka yi haƙuri. Kalmar rabi ma da na ambata ba ƙirgawa na yi ba. Abin da nake nufi shi ne manhajar da ake turawa daga waya zuwa waya ba wanda ya san hannun da ta bi, kuma wanda ya fasa wasan kuɗi ya raba shi kyauta ba don Allah ya yi ba, akwai abin da ya cusa a ciki. Ko Play Store ɗin ma ba a rasa gurɓatattu, shi ya sa ake so a buɗe Play Protect a ciki lokaci zuwa lokaci a sa ya bincika wayar.

Ɗan Samaru:
Tun da an taɓo tushen abin, ni shawarata ita ce a toshe tallan gaba ɗaya a huta. Chrome yana da nasa matoshin tun watan Fabrairun 2018, aka faɗaɗa shi zuwa duk duniya a Yulin 2019, amma iyakarsa shafukan da suka wuce gona da iri, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da kusan kashi 3 cikin 4 na kuɗin shigar kamfanin da ya mallaki Google daga talla yake fitowa. Mai son tsabta ta gaske ya saka Firefox a wayarsa ya ƙara masa matoshin talla na uBlock Origin, wanda kyauta ne, ko ya yi amfani da Brave wanda yake zuwa da matoshinsa a ciki. Chrome na waya baya karɓar irin waɗannan ƙare-ƙare. Akwai kuma hanya ta uku ga wayoyin Android 9 zuwa sama: a nemi Private DNS a cikin Settings a rubuta dns.adguard-dns.com, wannan yana tare tallace-tallace da yawa har na cikin manhajoji. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, ban ga dalilin da zai sa talaka ya sayi data da guminsa sannan bidiyon caca ya cinye masa ita ba.

Abu Fatima, Sabon Gari:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma maganar ɗan'uwana na Samaru ta taɓa abincina, don haka dole in yi magana. Ina da shafin labarai na Hausa, shekara 5 ke nan. Ni nake biyan kuɗin ajiye shafin, kuma da dala ake biya. Ni nake sayen data, ni nake hawa mashin in je Giwa ko Soba idan wani abu ya faru, akwai kuma yaro ɗaya da nake ba ɗan abin sabulu yana taya ni rubutu. Ba wanda ya taɓa biyan ko sisi domin ya karanta, kuma ban nema ba. Abin da yake riƙe da shafin shi ne tallan nan da ake cewa a toshe gaba ɗaya. Mai karatu ya shigo ya karanta wahalata, ya toshe hanya ɗaya tilo da zan samu wani abu, ya fita. Ina tambayar malamai da ke wannan zaure, shin babu haƙƙi a nan? Muna kukan cewa babu rubutun Hausa a intanet, to idan kowa ya bi wannan shawara, wa zai ci gaba da rubutawa?

Maman Hanif, Hanwa:
Malam Abu Fatima, ina tausaya maka, amma ni ma ina da tambaya. Akwai shafukan Hausa da nake shiga karanta labari, kafin in kai layi na 3 an buɗe mini wata taga daban, na rufe wata ta buɗe, wata ma da hoton da ba zan so Hanif ya gani ba. Shin ni ba ni da haƙƙi a kan mai shafin?

Abu Fatima, Sabon Gari:
Kina da shi, Hajiya, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma na taɓa saka irin wannan. Babban kamfanin da ke raba talla mai tsabta ya ƙi karɓar shafina sau 2, sai na koma ga ƙananan, su kuwa ba sa tambayar komai, kuma sun fi biya a kan tagar da ke buɗewa a bayan shafi da kuma sanarwar nan da ta addabi Baban Ummi. Ga shi kuma abin da ake biya a kan mai karatu daga Najeriya bai kama ƙafar abin da ake biya a kan na Amurka ko Ingila ba, sai mutum ya ga kamar ba shi da zaɓi sai ya cika shafin. Abin da ya sa ban gane munin abin da wuri ba shi ne, ni idan na buɗe shafina a kwamfutata tallan takalmi nake gani da na makaranta. Sai ranar da wata 'yar'uwata ta turo mini hoton abin da ya fito mata a shafina, na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na cire shi a daren. Kuɗin da nake samu ya ragu ƙwarai, kuma har yau bai dawo ba.

Ɗan Samaru:
Wannan da Yaya ya faɗa haka yake, mai shafi baya ganin abin da masu karatunsa suke gani. Fili kawai ya bayar haya, kuma a duk lokacin da aka buɗe shafin ana yin gwanjon filin ne cikin ƙiftawar ido, wanda ya fi tayi shi ne tallansa zai fito, gwargwadon ƙasar mai karatu da irin wayarsa da abin da aka tara game da shi. Shi ya sa kuma kuskure ne a ga mummunan talla a wayar mutum a yanke masa hukunci, domin da yawansu jefa su ake yi ga duk namijin da ke wani yanki. Wanda ya ƙirƙiro tagar nan mai faɗowa tun farko, Ethan Zuckerman, yana aiki ne a kamfanin Tripod a ƙarshen shekarun 1990, kuma dalilinsa shi ne wani kamfanin motoci ya fusata da ya ga tallansa a shafin batsa, sai aka nemi hanyar raba talla da shafin da yake kai. A 2014 ya fito fili ya nemi afuwar jama'a a kan abin da ƙirƙirar tasa ta zama.

Malam Babba, Ƙofar Doka:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. An jefo tambaya ga malamai, ni kuwa ɗalibi ne, amma zan faɗi abin da na fahimta, Allah shi ne masani. A ganina an haɗa abubuwa biyu ne da ba ɗaya ba. Akwai tallan da yake zaune a gefen rubutu kamar allon da mai shago ya kafa a bakin hanya, ka ga dama ka duba, ka ga dama ka wuce. Wannan idan abin da ake tallatawa halal ne, ban ga laifinsa ba, kuma kyautatawa ce mai karatu ya bar shi domin mai rubutu ya samu na cefane. Akwai kuma wanda yake faɗo maka ba sallama, ya tare maka abin da kake karantawa, ya ruɗe ka da ƙarya domin ka danna, ko ya sa maka tsiraici a ido. Allah ya hana mu shiga gidajen mutane sai da izini da sallama, a Suratun Nur aya ta 27, kuma a aya ta 30 ya umarci muminai su runtse idanunsu. Wayar mutum a yau ɗakinsa ce, a cikinta iyalinsa suke. Ba na jin akwai wanda zai ce magidanci ya ci haƙƙin wani don ya rufe ƙofarsa ga irin wannan, kuma ƙa'ida sananniya ce cewa babu cuta babu cutarwa.

Abin da nake so in sani daga ɗanmu na Samaru shi ne, shin wannan matoshi yana iya bambancewa, a toshe wa wani a buɗe wa wani?

Ɗan Samaru:
Allah ya gafarta Malam, yana iyawa. A uBlock Origin da Brave duka akwai maɓallin da za ka kashe toshewar a kan shafi ɗaya da ka yarda da shi, sauran kuma su ci gaba da zama a toshe. Hanyar Private DNS ce ba ta da wannan sauƙi, ita kan mai uwa da wabi take yi. Na karɓi gyara a kan kalmar gaba ɗaya da na yi amfani da ita.

Abu Fatima, Sabon Gari:
Na gamsu da rabin maganar, Allah ya gafarta Malam, amma ba zan ce na gamsu duka ba. Mutum nawa ne zai tuna ya buɗe wa shafina bayan ya toshe? Ɗabi'ar mutane ita ce idan sun samu sauƙi ba sa waiwaye. Duk da haka na yarda mu masu shafuka mu muka fara ɓata ruwan, kuma wanda ya saka tagar da ke jefa yaro wurin caca ba shi da bakin yin ƙorafi.

Hajiya Mai Atamfa, Ɗanmagaji:
Ku yi haƙuri in mayar da ku baya kaɗan, domin akwai ɓangaren da ya fi kunya da data ciwo, wato asarar dukiya. Yarinyar da ke taya ni a shago ta ga talla ya faɗo mata da tambarin gwamnati, wai ana raba tallafi ga mata masu ƙananan sana'o'i. Ta cika suna, ta sa BVN, aka ce ta sa lambar katinta domin a tura kuɗin, sannan aka ce ta rubuta lambar da banki ya turo mata ta saƙo. Kafin ta ɗago kai an kwashe kuɗin adashin da ta tara na wata 4. Na same ta a bayan kanta tana kuka ba sauti, wayar a hannunta, shafin yana nan a buɗe yana taya ta murna. Mun je banki washegari aka rufe katin, amma kuɗin sun tafi. Don Allah a riƙa faɗa wa yara da mata cewa ba a karɓar kuɗi da lambar kati, fitar da kuɗi ake yi da ita.

Abban Sadik, mai gyaran waya a PZ:
Allah ya mayar mata da alheri, Hajiya. A irin wannan hali ba a jiran gari ya waye, a kira banki nan take a rufe katin, kuma ya kamata kowa ya nemi lambar rufe asusu ta bankinsa ya ajiye tun kafin rana ta ɓaci. A kuma riƙa duba adireshin da ke saman shafi, domin tambari kowa zai iya kwafa. Shafukan gwamnatin Najeriya yawanci da gov.ng suke ƙarewa, kamar jamb.gov.ng, na jami'o'i kuma da edu.ng, kamar abu.edu.ng. Lokacin neman gurbin karatu a garin nan yara da yawa suna faɗawa shafukan bogi da ke kwaikwayon waɗannan.

Sai kuma tallan bairos da Baban Ummi ya ambata tun farko, wanda ban tsaya a kansa ba. Shafin intanet ba shi da hanyar bincika wayarka, don haka duk wanda ya faɗo da jan rubutu da ƙirgen daƙiƙu yana cewa ya gano bairos, wayar ma har tana rawa, wasan kwaikwayo ne domin ka firgita ka sauke manhajarsu ko ka kira lambarsu. Kada a taɓa komai a cikinsa, har alamar rufewar da ya zana, domin sau da yawa ita ma tarko ce. A taɓa akwatin da ke nuna yawan shafukan da ke buɗe a saman burauza a rufe shi daga can, ko a fita a share burauzar daga jerin manhajojin da ke aiki.

Baban Walid, Gyallesu:
Na gwada Private DNS ɗin nan jiya da dare. Tallan cikin manhajar kalkuleta da na wasan yara sun ɓace, na ji daɗi, amma na YouTube da Facebook suna nan daram. Sannan idan na nemi abu a Google, sakamakon farko-farko sun daina buɗewa. Ko na yi kuskure ne?

Ɗan Samaru:
Ba ka yi kuskure ba, Baba. Wannan hanya tana aiki ne ta hana wayar isa ga adireshin kamfanonin talla, su kuwa YouTube da Facebook daga gidansu suke turo talla tare da bidiyon, ba a iya raba su ta nan. Sakamakon farkon da suka ƙi buɗewa kuma talla ne, za ka ga an rubuta Sponsored a kansu, ka gangara ƙasa kaɗan za ka samu na ainihi. Ya kamata in faɗi wani abu da na tsallake jiya: duk wanda ka rubuta adireshinsa a Private DNS yana iya ganin sunayen shafukan da wayarka take nema, don haka amana ce ka ba shi, kada a rubuta kowane adireshi da aka gani a wani zaure. Idan wata manhaja ta ƙi aiki, a mayar da shi Automatic a gwada. Ga masu damuwa da tallan caca da na neman abokan soyayya a YouTube, akwai My Ad Center a asusun Google inda ake rage waɗannan nau'o'i, ko da yake ragewa ce, ba kawarwa ba.

Maman Hanif, Hanwa:
Na same ta. Tana can ƙasan jerin, ba suna ba hoto, kamar yadda Malam Abban Sadik ya kwatanta, kuma sai da na cire ta daga masu kula da waya kafin ta gogu. Tun jiya da la'asar allon bai sake rufewa ba. Na danna *305# na tarar da rajista 2 da ban san da su ba, na soke. Wasan motar ma na goge, Hanif yana ta fushi, na ce idan babansa ya dawo za su nemi wani a Play Store tare.

Baban Ummi, Tudun Wada:
Jama'a, yau kwana 4 ke nan ba saƙo ko ɗaya da ya sauko, kuma sakamakon ɗalibaina da hotunan mahaifiyata suna nan ba abin da ya taɓa su. Na zaunar da Ummi na nuna mata maɓallin nan na Allow, na ce duk inda ta gan shi ta danna na kusa da shi ko ta kawo mini. Malam Abu Fatima, ka turo mini adireshin shafinka ta akwatin sirri, na saka Firefox ɗin kuma ina so in buɗe maka.

Batun surukina kuwa, ban iya tunkarar sa da maganar ba, bakina ba zai iya ba. Maman Ummi ce ta je gida jiya ta yi wa mahaifiyarta bayanin yadda abin yake, ita kuma ta isar. Da ta dawo na tambaye ta me Baba ya ce. Ta ce ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce Allah ya kyauta, a gaya wa Malam ranar Juma'a ya zo da sauran hotunan, domin bai gama gani ba.